Jifan da Ban Yi Ba

Wanda bai yi ƙuruciya a Jos ba, da wuya ya gane abin da sanyi ke yi wa wasan yara. A Kano ko Katsina, in an idar da isha'i sai dandali, a yi langa, a yi kokawa, a yi ta guje-guje har barci ya kwashi mutum. Mu kuwa a Anguwan Rogo, daga Nuwamba har Fabrairu, da rana ta faɗa bayan duwatsu, iskar nan mai tsaga leɓe ta taso daga wajen Naraguta, ba mai iya tsayuwa a fili, sai mu tattaru a zauren gidanmu mu ja ƙyauren langalanga, mu cusa ƙafafu cikin tsohon bargo guda, fitilar ƙwai a tsakiya tana hayaƙi, kowa na jan majina yana jiran a shimfiɗa abin wasa. Sanyi ne ya mai da mu 'yan wasan zaune. Zauren nan yanzu shagon cajin waya ne.

Ku da kuka haura hamsin kun san cewa wasa ma yana da asali, akwai ɗan gidan mutunci akwai ɗan tasha. Dara ta dattawa ce, ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, a gindin mangwaro bayan la'asar, ba kuwa mai tsawatarwa tunda masu tsawatarwar ne ke zaune a kanta. Karta ita ce fitinanniyar dangin, ba ta zama sai tasha da bayan gidajen silima, kuɗi a ƙasa, ido ja, kuma kowace unguwa tana da labarin wani da ta raba da keken ɗinkinsa ko da matarsa. Mu yara namu ludo ne, da whot, da maciji-da-tsani. Waɗannan ba a ce mana halal ne ba, ba a kuma bi mu da bulala a kansu ba. Ana dai kawar da kai, muddin ba a kira salla muna zaune ba.

Mu bakwai ne a kan tabarmar, wani lokaci takwas. Ni da ƙanena, da ɗan mai gyaran rediyo na bakin titi, da wani ƙaramin yaro ɗan maƙwabtanmu na jikin katanga, da 'ya'yan wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota su biyu, da wani ɗan Birom da uwarsa ke aiko mana gwate in ta dafa, sai wani Bayerabe da ke zuwa in ubansa direba ya yi tafiya. Duk Hausa muke yi, irin Hausar Jos da Bakano ke yi wa dariya. Yaran yanzu, na san wannan zai yi muku kama da tatsuniya, amma haka unguwar take: Hausawa sun fi yawa, masallaci a kowane lungu, amma a gidan haya ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista suna layin famfo guda, ga kuma ɗaliban Jami'ar Jos, wadda harabarta ta titin Bauchi ke jikin unguwar, sun kama ɗakuna daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna kunna kaset har dare ya raba.

Ɗan mai gyaran rediyo shi ne babbanmu, yana aji biyu na sakandare, kuma ba takardar da ke wuce shi, har wadda aka ƙunso ƙosai a ciki sai ya karanta. Sarkin Labari muke ce masa, sunan da muka aro daga Ruwan Bagaja. Ranar da gilashin allon ludonmu ya fashe, takardar ta jiƙe ta yage, ba abin da ya rage sai ɗan ludon da gwangwaninsa, shi ne ya je ya roƙo kwalin sukari wajen mai tireda, ya farke shi ya shimfiɗa, ya kwana biyu yana zane da biro ja da shuɗi. Da ya kawo, sai ga duniya guda: garuruwa masu ganuwa, koguna bakwai, dajin ƙaya, dutse mai kogo, can a ƙuryar kwalin kuma wani birni mai ƙofa ɗaya, a cikinsa rijiyar da ruwanta ke warkar da kowace cuta.

Kowa ya ɗauki marfin kwalbar lemo, ya faɗi ko shi wane ne. Wani maharbi, wani ɗan sarki, wani maƙeri, wani falke. Babban ɗan Ibon nan kullum malami yake ɗauka, kuma ba ya amsawa sai an ce masa Alaramma. Ni ɓarawo nake ɗauka, Allah Ya yafe mini, domin ɓarawo ne kaɗai ke iya shiga inda aka kulle. Sai Sarkin Labari ya gyara zama ya rage murya: "Kun iso bakin kogi na uku. Ruwa ya cika, ga kada yana shan hantsi, ga wani tsoho da kwalekwale ya ce ba zai ƙetarar da ku ba sai kun ba shi abin da kuka fi so. Yaya za ku yi?" A nan gardama ke tashi. Maharbi ya ce a harbi kadan, falke ya ce a yi ciniki, Alaramma ya ce a bari ya yi addu'a. In an tsai da shawara sai a jefa ɗan ludo: siki ko biyar, abu ya yi, uku ko huɗu, ya yi amma da asara, ɗaya kuwa, sai ta Allah. Yana da wani littafin rubutu inda yake ajiye lissafin kowa, wane yana da takobi da dabino bakwai, wane ya sami layar zana, wane kunama ta harbe shi saura ƙarfi biyu. Ba wanda ke cin wani. Ko mu isa tare ko mu halaka tare, kuma tafiya ɗaya takan cinye mana mako uku.

Aljanu kuwa akwai su a kwalin, ba zan ɓoye ba, da dodanni da mayu da tsuntsu mai magana. Amma a ina muka samo su? A makaranta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito tun 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Magana Jari Ce, duk littattafai ne da aka buga a Zariya, aka sa a manhaja, aka doke mu a kan rashin karanta su. Ganɗoki da kansa ya yi zama cikin aljanu. Saura mun kwaso daga tatsuniyoyin kakanni da finafinan Indiya na silimar Kwararafa da Rex, ga wanda ya sami 'yan kwabbai ya saci jiki. Shi kansa zama wani mutum na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne ga ɗan Bahaushe. Kowane azumi, daga goma ga wata, muna tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, manya na dariya suna ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da Sarkin Labari ya yi bai wuce ya zaunar da tashe a kan tabarma ya miƙa masa ɗan ludo ba.

A hunturun 1987 ne abin ya faru. Ƙaramin cikinmu, ɗan maƙwabta, shekararsa tara, ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, a dare na biyu ya fara sambatu. Abin da ke ransa shi ya fito bakinsa: Sarkin Aljanu ya rufe ƙofa, a jefa, a jefa, in ba siki ba mun mutu. Uwarsa na zaune a kansa tana ji. Ban ga laifinta ba har yau. Duk uwar da ta ji ɗanta na kiran Sarkin Aljanu da tsakar dare, jikinsa kamar garwashi, ba za ta tsaya neman littafin Abubakar Imam ba.

Amma ku ji yadda magana ke yin ƙiba. Da safe a bakin famfo, cewa aka yi yaran zauren Alhaji suna wani wasa mai aljanu. Kafin azahar kwalin ya zama hatimi. Kafin magariba an ce muna kashe fitila mu kira su ɗaya bayan ɗaya suna amsawa. Washegari aka ƙara da cewa wani ɗalibin jami'a ne ya koya mana, domin a shekarun nan labarin ƙungiyoyin asiri na jami'o'i ya cika jaridu, duk wanda ya sa baƙar riga ya tara suma abin zargi ne. Da aka bankaɗo littafin Sarkin Labari kuwa, aka ga sunayen yara a jere kowanne da lamba a gabansa, sai magana ta ƙare: ga waɗanda za a sha jininsu, ga kuma kwanakin da suka rage wa kowa. Yaron da ke kwance an rubuta masa biyu. Ƙarfin maƙerinsa ne ya koma biyu tun da kunama ta harbe shi a kogo, amma wa zai saurari wannan? Uwar 'yan Ibon ta kira fastonsu, aka yi addu'a da ƙarfi muna ji ta katanga, bayan addu'a kuma muka ji ƙarar bulala. Ban taɓa ganin masallaci da coci sun yi ittifaƙi da sauri irin na ranar ba, kuma ba tare da an kira taro ba.

Aka tara mu a zauren bayan la'asar. Babana, da kawuna, da mai gyaran rediyo yana ta share gumi cikin sanyin nan, da malaminmu na makarantar allo, wani tsoho mai ƙarancin magana. Mutane sun cika ƙofar gida. Malam ya sa tabarau, ya ɗauki kwalin ya juya shi sama da ƙasa, ya bi kogunan da yatsa, ya daɗe.

"Kai, wannan mene ne?"

"Kogi ne, Allah gafarta Malam."

"Wannan fa?"

"Dutse ne. Akwai kogo a ciki."

"Wa ke cikin kogon?"

Sarkin Labari ya sunkuyar da kai. "Dodo ne, Allah gafarta Malam. Amma mun kashe shi tun ranar Talata."

Na ga gemun Malam ya motsa, ya yi tari ya rufe. Sannan ya dubi babana ya ce, "Alhaji, wannan ba hatimi ba ne. Na san hatimi. Taswira ce irin ta 'yan boko, labari yaran suke yi. Shi kuma wancan a kai shi asibiti." Sai ya ɗauki ɗan ludon da yatsu biyu kamar mai ɗauke ƙazanta daga tabarma, ya ce amma wannan kam ba shi da mazauni a gidan Musulmi, ya faɗi abin da Risala ta ce, ya jefa shi aljihu. Hukuncinsa ke nan: a raba mu da ƙwayar, a bar mana kwalin.

Ba a bi hukuncin ba. Jama'ar da ke ƙofar gida ba taswira suka zo ji ba, babana kuma mai rumfa ne a kasuwar Terminus, gobe cikin mutane zai zauna. Ya kwashi kwalin da littafin da marafan kwalba ya fita da su tsakiyar layi, ya tsiyayo kananzir daga fitilar da muke wasa da ita, ya ƙyasta ashana. Kowannenmu ya sha bulala shida. A daren da muka tsaya, mun iso ƙofar birnin ƙarshe bayan kwana 19 muna tafiya, ƙofar na kulle, kuma ɓarawo ne zai gwada buɗe ta. Jifa nawa ne.

Yaron an kai shi asibiti a rana ta huɗu. Taifot ne. Ya yi mako biyu ya tashi. Unguwa ta ce, kun gani, ana ƙona abin ya warke.

Na daɗe ina jin haushin dattawan nan, sai da na haifi nawa haushin ya ragu. Ba a kan iska suka gina tsoronsu ba. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, ya jera ta da giya. Hadisi a Sahihu Muslim ya yi kakkausan gargaɗi kan nardu, wasan Farisawa da ake yi da ƙwayar jifa, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma ta kawo maganarsa, Risalar Ibn Abi Zaid kuwa, wadda almajiran ƙasar Hausa ke bi ta kanta tun zamanin kakanni, ta hana nardu ta haɗa da shaɗaranji. Har gobe ana tambayar malamai game da ludon da ba kuɗi a ciki, wasu su tsananta wasu su sassauta. Wannan magana ce ta ilimi, tana da littafi da babi, ana iya zama a tattauna ta. Ban da haka, Jos gari ne da kuza ta tara, garin leburori da 'yan ci-rani inda mutum ke karɓar kuɗin mako ya ƙarar da shi a dare ɗaya, iyayenmu sun ga hanyar da ke tashi daga karta ta sauka a gidan yari. Lokacin kuma na tankaɗe ne. A Jos ɗin nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, wa'azi ya cika dare, kaset ya shiga kowane gida, 'yan Izala da 'yan ɗariƙa kowa na auna al'adun da ya gada. A ɗaya ɓangaren sababbin coci-coci na tasowa da nasu zancen miyagun ruhohi. Kowa kunnensa a buɗe yake.

Abin da ba shi da littafi shi ne sauran, hatimi da jini da kwanakin mutuwa. Malam ya raba biyun da yatsunsa a gabanmu. Layi bai raba ba.

Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da labarin da ya sa na ajiye takarda na yi dariya ni kaɗai. Ashe a daidai lokacin da ake ƙona kwalinmu, Amurka na fama da irin wannan zazzaɓi, a kan wasa irin namu sak. A 1974 wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons: a kewaye tebur, mutum ɗaya ya riƙe labari, saura kowa ya zama mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo ko malamin addini, a jefa ƙwaya a ga abin da zai faru. Nasu ƙwayoyin dai har da mai fuska 20, littattafansu kuma bugaggu ne masu hotunan dodanni. Sarkin Labari bai taɓa jin sunansu ba. Kwalin sukari da sanyin Jos ne suka kai shi inda suka je.

A 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen ko wasan ne ya ruɗa shi ya shige ramukan da ke ƙarƙashin makarantar, jaridu suka ɗauka suka yayata. Bayan kusan wata guda aka same shi da rai a wata jiha, daga baya kuma mai binciken da kansa ya rubuta cewa damuwa da matsin rayuwa ne suka kore shi, amma wa ke karanta gyara? A 1982 ɗan wata mata a jihar Virginia, Patricia Pulling, ya kashe kansa. Ta ɗora wa wasan, ta ce a cikinsa aka yi wa ɗanta baki, ta kai shugaban makarantar da kamfanin wasan kotu, kotu ta kori ƙararrakin, ita kuma ta kafa ƙungiya a 1983 ta shiga yawon gargaɗi ga iyaye da coci-coci da 'yan sanda cewa wasan ƙofar bautar Shaiɗan ce. A 1985 maganar ta kai shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS, aka zaunar da Gygax yana kare kansa. Wasu makarantu suka hana wasan, wasu iyaye suka ƙona littattafan, kamfanin ya tsorata har ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989 ya raɗa musu wasu. Binciken masana bai tabbatar da alaƙa tsakanin wasan da kashe kai ba, ciniki kuwa ƙaruwa ya yi, tunda ba abin da ke tallata haja ga matashi kamar a ce kada ya taɓa. A 2024, da wasan ya cika shekara 50, hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki da hotunan dodanninsa.

Matar Virginia ba ta ba ni dariya ba. Maƙwabciyarmu ce da wata fata. Uwar da ɗanta ke kuɓuce mata tana neman abin da za ta iya kamawa da hannu, kuma kwali yana kamuwa, yana ƙonuwa, ana ganin hayaƙinsa. Taifot ba ya ƙonuwa a tsakiyar layi. Daga ruwa da abinci ake ɗaukarsa, kuma ban ji wanda ya tashi bincikar rijiyoyin layinmu ba a makon nan.

Mun sake ganin irin wannan a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, zamanin A Daidaita Sahu. A 2016 aka fasa gina alƙaryar finafinai a Kofa bayan hayaniyar da ta tashi daga mumbarori da wayoyi. Tashen ma da muka yi da yardar iyaye, 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba sun fake da shi. A kowanne akwai ƙorafi na gaskiya, ban musa ba. A kowanne kuma akwai jita-jitar da ta hau bayansa ta riƙe linzami.

Tabarmarmu dai ba wutar babana ce ta watsa ta ba. Bayan an sha bulala mun ci gaba da haɗuwa, mun yi ƙwallo a fili, mun je Naraguta satar mangwaro, mun yi wa juna rakiyar aure. Rikicin da ya ɓarke a Jos ranar Juma'a, 7 ga Satumba 2001, shi ya watsa ta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta kimanin mutum 1,000 ne suka mutu cikin kwana shida, kuma kafin ƙura ta lafa gidajen haya sun zama wayam, 'yan Ibon sun tafi da abin da hannu zai iya ɗauka, ɗan Birom ya koma cikin nasa, Hausawan da ke wasu unguwanni su ma sun gudo nan da tabarmi a ka, ɗalibai sun nemi ɗakuna a inda sunansu ba zai ja musu ba. A Fabrairun 2002 kasuwar Terminus ta ƙone, da rumfar babana a ciki. Rikicin 2008 da na 2010 suka ƙara zurfafa layin. Yau kowa ya san Anguwan Rogo ta su wa ce, Anguwan Rukuba ta su wa ce, kuma akwai yaran da aka haifa suka yi gemu a layinmu ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba. Aljanun da suka shigo mana ba ta kwali suka shigo ba.

Cacar da dattawa suka ji mana tsoro kuwa ta zo, sai dai ba ta zo da gwangwani mai ƙara ba. A da, in muna wasa, duk gidan na jin kwaram-kwaram ɗin ɗan ludo, Inna na jin muryar Sarkin Labari daga madafa, ƙyauren langalanga ne kawai tsakaninmu da manya, kowa na iya turawa ya leƙo, kuma duk abin da ke cikin duniyarmu a shimfiɗe yake a ƙasa, mai tabarau na iya bin sa da yatsa. Yanzu yaro na kwance kusa da kai, fuskarsa na haske, ya sa kuɗin makaranta a kan wata ƙungiyar ƙwallo ta ƙasar da bai san inda take ba. Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Shago ake iya rufewa. Ba malamin da zai iya ɗauke wannan ƙwayar da yatsu biyu ya jefa aljihu.

Ni ma an jarraba ni. Bara na shiga ɗaki na tarar da autana da waya, wasu halittu masu ƙaho na tsalle a ciki, shi kuma yana magana da mutanen da ba na gani. Na fizge wayar, na ɗaga hannu, wallahi saura ƙiris ta sha ƙasa. Ban san me ya tuno mini da tabaran Malam ba. Na zauna a bakin katifa na ce, kai, wannan mene ne? Ya ce dutse ne, Baba, akwai kogo a ciki. Mun yi awa guda yana nuna mini, rabi ban gane ba. Akwai abin da na hana, wanda ake sa kuɗi a sayi akwatin sa'a, akwai kuma abin da na bari. Uwarsa har yanzu tana ganin na yi sakaci, kuma ban rantse cewa ba ta da gaskiya ba.

Sarkin Labari bai sake zana komai ba. Ya gaji shagon ubansa, rediyo ta mutu ya koma gyaran waya, yana nan a bakin titi da furfura da tabarau irin na Malam. Na taɓa tambayarsa me ke bayan ƙofar birnin nan, rijiyar tana nan kuwa? Ya ce shi ma bai sani ba, bai riga ya yanke ba, jifan yake jira. Ƙaramin yaron da aka yi duk abin dominsa yana tuƙa Keke Napep, 'ya'yansa biyar, ya ce shi bai tuna komai ba sai ɗacin magani. Malam ya rasu tuntuni, Allah Ya jiƙansa, ban san inda ya kai ƙwayar ba.

Alaramma ne ban san inda yake ba. Ji na ƙarshe an ce suna Aba. In wannan rubutu ya iske ka, ko wani ya karanta maka in Hausar ta fara gudu, ka sani kwalin sukari yana nan a wajen mai tireda, Sarkin Labari yana tashi daga shago bayan magariba, ƙwaya kuma tunda Malam ya hana sai mu ja tsinke. Ka taho da ƙanenka. Muna ƙofar birni, kuma jifa nawa ne.